Gyaɗa Kan Da Ba Nawa Ba

Shekarun baya, ina budurwa a gidanmu da ke Nassarawo cikin Jimeta, babu abin da na ƙware a kai kamar karatun littattafan soyayya. Akwai wani shago a bakin kasuwa da ake ba da hayarsu. Mai shagon da ya hango ni sai ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya ciro sabon da ya ɓoye mini. Da littafi a cinya nake tsintar shinkafa, na kuma sha ƙona miya saboda jaruma ta faɗi sumammiya. Mahaifiyata, da muke kira Dada, takan ce, "Ke dai wata rana littafin nan ne zai aurar da ke." Saura ƙiris maganarta ta tabbata.

Babban darasin da na ɗauka daga littattafan shi ne, namiji mai aji ba ya faɗin so da baki. Kallo yake yi, ya yi ajiyar zuciya, ya kau da kai, ita kuma yarinya mai hankali ta gane. Ga shi mu mutanen Yola da kunya aka san mu. Mahaifina har ya tsufa ban taɓa jin ya kira sunan Dada ba. Don haka a wurina shirun namiji magana ce, ni ce kawai zan fassara.

Yayana, Hamma, ɗan wasan besbol ne. Na san da yawanku sai na yi bayani. Wasa ne da mutum ɗaya yake tsayawa a kan ɗan tudu ya jefa ƙwallo mai tauri kamar dutse, wani ya yi ƙoƙarin dukanta da kulki, a bayan mai kulkin kuma akwai wanda yake tsugune yana cafewa. Wani malamin motsa jiki, Kirista daga kudancin jiharmu, shi ya dage da wasan a filin wata makarantar sakandare, duk da mutane na musu dariya suna ce musu 'yan kulki. Hamma ne mai cafewa. Zai sa wani kwandon ƙarfe a fuska, ya ɗaura katifa a ƙirji, ya tsuguna kamar mai cin tuwo a tasha.

Mai jifan kuwa abokin Hamma ne. Ɗan unguwar Mbamoi ne da ke cikin garin Yola, dogo, marar yawan magana. Tun yana yaro yake korar tsuntsaye da jifan hoge a gonar shinkafar babansa da ke wajen tafkin Njuwa, a nan hannunsa ya saba da saiti. Da ya zo sakandare a Jimeta, gidansu ya yi nisa, sai ya zama a gidanmu yake cin abincin rana, wani lokaci ya kwana a ɗakin Hamma. Mahaifina bai taɓa bambanta su ba. In ya ɗinka wa Hamma kayan sallah, da na abokinsa yake haɗawa.

Ranakun Asabar Dada takan aike ni filin da zoɓo mai sanyi. Kun san ranar Yola ba ta da mutunci. Inuwa ɗaya ce a filin nan, ta wata darbejiya da ke bayan ragar waya, daidai bayan inda Hamma yake tsugunawa. Nan na mayar wurin zamana. Kocin, wato malamin nan, har yakan daka mini tsawa da gurguwar Hausarsa, "Kai yarinya, matsa baya, ƙwallo nan zai fasa maka kai!" Ban taɓa matsawa ba, saboda na ga abin da ya fi kaina muhimmanci.

Duk lokacin da abokin Hamma zai yi jifa, sai ya ɗan sunkuya, ya ƙanƙance ido, ya ƙura su wajen da nake zaune. Ya daɗe yana kallo. Wani lokaci ya girgiza kai a hankali, kamar mai cewa son nan zai kashe shi. Sannan ya gyaɗa kai, ya taɓa bakin hularsa hana-salla, ya ɗaga ƙafa ya saki ƙwallo. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kowane jifa sai ya yi haka. Ranar da na fara lura, zoɓon da ke hannuna ya zube a zanina ban sani ba.

Daga nan na buɗe makarantar fassara. Na lura in na yafa shuɗin gyalena ya fi yawan gyaɗa kai, sai na mayar da shi kayan Asabar. Wata rana na sa wata atamfa ruwan ƙasa, ya yi ta girgiza kai, ina komawa gida na kyautar da ita ga 'yar goggona. Taɓa hula kuwa gaisuwa ce, irin ta masoyan da ke tsoron idon jama'a. Ni ma na fara mayar da martani, in ya taɓa hula sai in gyara ɗankwalina. A gida in mun haɗu a zaure, iyakarsa ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu ƙanwata," ya wuce. Ina shiga ɗaki in rungume filo. Dubi kawaici, dubi kunya, ba ya son ya ci amanar abokinsa.

Ana cikin haka wani malamin firamare ya fara zuwa wurina zance. Mutumin kirki ne, ya biyo ta ƙofa, yakan zo da lemo da rake a leda. Amma hirarsa ba ta wuce yaran ajinsa da tsadar siminti. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa ni ce hasken idaniyarsa ba. Mahaifina ya yaba da shi ƙwarai, amma shi ba ya yi wa 'ya'yansa dole, sai ya ce Dada ta ji ta bakina.

Na ce, "Dada, akwai wani."

"Waye?"

"Abokin Hamma."

Ta ajiye muciya ta dube ni. "Shi ya faɗa miki?"

"Kullum yana faɗa mini, Dada."

Wallahi a lokacin ban ji cewa ƙarya nake yi ba.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, a daidai wannan lokacin ƙofar arzikinsa ta buɗe. Ya je sansanin 'yan wasan ƙasa, wani mutumin Jafan ya ga jifansa, wata ƙaramar ƙungiya a can ta ce za ta ɗauke shi da albashi. Ba mu taɓa jin wanda aka biya don ya yi jifa ba. Takardu sun kammala, bayan sallar layya zai tashi. Kocin nan ya zagaya Jimeta kaf a kan tsohon babur ɗinsa yana ba da labari, har da waɗanda ba su tambaye shi ba.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar mahaifina ya sa aka kira abokin Hamma falo. Ni kuma na laɓe a bayan labule, don na san wannan shafin, na karanta shi sau ba adadi.

Mahaifina ya ce, "An ce kana neman ƙanwarka. Gidan nan gidanku ne, me ya hana ka biyo ta ƙofa?"

 Abokin Hamma ya ce, "Baba, wa ya faɗa?"

"Ita ta faɗa wa uwarta. Ta ce kullum kana faɗa mata. Ko ƙarya take yi?"

 Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa. "A'a Baba. Ba ƙarya take yi ba."

Mahaifina ya ce ya ji daɗi, don ya san tarbiyyarsa. Amma ya ce shi ba zai ɗaura wa 'yarsa jiran wanda ba a san ranar dawowarsa ba, ga shi zai sallami mutumin kirki saboda shi. In aure yake so, ya zauna, zai yi masa hanyar aiki a wata ma'aikata. In kuwa tafiyar ce a ransa, ya faɗa tun yanzu, a san cewa wasa yake da yarinya.

Ya ce, "Zan zauna, Baba."

Na shiga ɗaki na yi rawa ba kiɗa. Ya bar Jafan saboda ni! Ko a littafi ban taɓa karanta wanda ya bar jirgin sama ba, iyakarsu su bar gadon mahaifinsu. Aka aika wa malamin firamare da haƙuri. Mahaifiyar abokin Hamma ta aiko mini da ƙwarya cike da sabuwar shinkafar gonarsu da kaza, a matsayina na surukar gobe. Muka dafa muka ci, har na yi ƙari.

Asabar ta zagayo na je fili da shuɗin gyalena. Na tarar jifan nasa ya lalace, ƙwallo na tafiya inda ta ga dama. Koci ya jefar da hularsa ƙasa yana faɗa. "Shekara nawa ina shan rana a kanka? Yanzu ka ce mini ba ka tafiya? Wane ne ya yi maka asiri?" Shi dai kansa a ƙasa. Hamma kuma ya daina yi masa magana, yana fushin ya nemi ƙanwarsa a ɓoye. Ni ina ƙarƙashin darbejiya ina share hawayen daɗi, ina cewa haka soyayyar gaskiya take, sai da sadaukarwa.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, ina tsakar gida da Dada muna gyaran alayyafo, Hamma ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba.

"Ke, zo nan. Me abokina ya taɓa ce miki? Faɗa mini kalmar da ta fito daga bakinsa."

Na ce, "Hamma, ai ba komai ne ake faɗa da baki ba."

"To da me ya faɗa, da ƙafa?"

Sai na zayyana masa komai, da alfahari ma. Kallon, girgiza kan, gyaɗawar, taɓa hular. Ina magana fuskarsa na sauyawa. Da na gama sai ya juya mini baya ya tsuguna a gabana kamar yadda yake yi a fili.

"Me kike gani?"

"Bayanka."

"To zagayo gabana."

Na zagaya. Ya sa hannunsa tsakanin cinyoyinsa ya miƙa yatsa ɗaya ƙasa. "Wannan, ina ce masa ya jefo mai gudu a miƙe." Ya miƙa biyu. "Wannan, mai lanƙwasa. Ina ɓoye hannun ne don kada mai kulki ya gani. In bai yarda da abin da na zaɓa ba, ya girgiza kai in sauya. In ya yarda ya gyaɗa. Yatsuna yake kallo, sakarya. Yatsuna!"

Na yi ƙarfin halin cewa, "Hular fa?"

"Gumin yatsunsa yake gogewa."

"Shuɗin gyalena fa?"

"Daga kan tudun can, ta cikin raga, ko raƙumi ne ya yafa gyale ba zai gane ba."

Dada ta toshe baki da gefen zaninta tana salati. Har yau ban sani ba ko dariya take dannewa ko kuka.

Da kyar na tambayi Hamma abin da ya sa abokinsa bai musa ba a gaban Baba. Muryarsa ta sauka. Ya ce, "Ya musa ya ce me? Ya dubi mutumin da ya ciyar da shi ya tufatar da shi, ya ce 'yarka maƙaryaciya ce? Da ya amsa kuma, in ya zaɓi tafiya ya zama wanda ya yaudari yarinya a gidan da ya ci tuwo. Yau ma sai da na shaƙe shi ya faɗa mini, ya kuma haɗa ni da Allah kada in gaya wa Baba. Ya ce zai aure ki, zai riƙe ki da amana. Ni na yi alkawari, bakina a rufe yake. Saura ke."

Zan faɗa muku gaskiya, ban tashi nan take na nufi wurin mahaifina ba. Na kwanta a ɗaki ina lissafi. In na yi shiru, babu wanda zai sani sai mu huɗu, kuma zan auri wanda nake so. Littattafan sun koya mini cewa so yakan zo bayan aure, miji ya fara da ɗaure fuska, a shafin ƙarshe ya durƙusa yana kuka. Na ɗauko wanda nake karantawa don in sami ƙarfin gwiwa, amma na kasa wuce layi ɗaya. Abin da ke dawo mini shi ne yadda nake ganinsa bayan kowane wasa, zaune a ƙofar ɗakin Hamma, ya ɗaure ƙanƙarar da ya saya wurin mai shayi a kafaɗarsa da tsumma, yana cije leɓe. Shekara da shekaru yana haka, mutane na masa dariya. Sai na hango kaina ina miƙa masa koko kowace safiya, shi kuma duk jirgin da ya tashi daga filin jirgin Yola ya bi shi da ido.

Da safe na sami mahaifina a kan tabarma yana sauraron rediyo. Na durƙusa nesa da shi na faɗi komai, idona a kan yatsun ƙafata. Ya kashe rediyon ya ce, "Maimaita." Na maimaita. Ya ce a kira yayana. Haka Hamma ya sake tsugunawa, ƙato da shi, a gaban Baba yana nuna yatsa ɗaya, yana nuna biyu.

Na so a ce dukana ya yi. Bai zage ni ba, bai ma dube ni ba. Ya ce Dada ta miƙo masa babbar rigarsa da hula, ya ce Hamma ya tayar da babur za su Mbamoi.

Hamma ya ce, "Baba, ai sai in je in kira shi."

Ya ce, "Ni na ɗaure shi, ni zan je in kwance shi."

Hamma ne ya ba ni labarin abin da ya faru a can. Mahaifina ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya zauna a ƙasa gaban mahaifin yaron, ya ce ya zo neman gafara, ya yi hukunci bai bincika ba, ya kusa tare wa ɗansu hanyar abincinsa. Sannan ya juya ga abokin Hamma ya ce, "Ɗana, ka yafe mini." Dattijo mai furfura, wanda unguwa guda ke tashi tsaye in ya wuce, yana roƙon yaron da ya goya, saboda littattafan haya da na karanta. Wannan ce kunyar da ba ta taɓa sakina ba. Ta shinkafa da kazar da muka cinye ma tana nan, don Dada ta rasa yadda ake mayar da abin da ya riga ya shiga ciki, ƙarshe turmin atamfa ta aika wa mahaifiyarsa.

Abokin Hamma ya tafi Jafan bayan sallah, da kyar aka gyara maganar, don koci ya riga ya sanar da mutanen cewa ya fasa. Ya yi 'yan shekaru yana jifa a wani ƙaramin gari mai sanyi. Albashin ba wani mai yawa ba ne, in kakar wasa ta ƙare a wata gona yake aikin ɗaure kayan lambu. Amma jifa yake yi ana biyansa, mutane na sayen tikiti su zo kallonsa. Ya aiko wa Hamma hoto yana kan tudu, ya ƙanƙance idon nan nasa, na duba sau ɗaya na miƙa. Daga baya jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, aka yi masa aiki, ya sake gwadawa kaka ɗaya hannun ya ƙi. Ya dawo gida da dogon tabo a hannu da abin da ya isa ya gina wa iyayensa ɗakuna, ya yi aure. Yanzu shi ne kocin filin nan, tsohon kocin ya yi ritaya yana zuwa kallo da kujerarsa.

Abokin Hamma bai taɓa faɗa wa kowa labarin nan ba. Hamma da tsohon koci ne suka yi wannan aikin. Na daɗe in na wuce a unguwa 'yan mata su dube ni su gyaɗa kai su taɓa hular da babu. Malamin firamare kuwa, da aka sake tuntuɓarsa, cewa ya yi Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ya auri wata a layin bayanmu, gidan da yake lissafin simintinsa ya ginu, ina wucewa ta gabansa in za ni kasuwa. Ni sai daga baya na yi aure. Mijina ya san labarin, in na tambaye shi abin da zan dafa, sai ya ƙura mini ido, ya girgiza kai, ya gyaɗa, ya taɓa hula.

Ban daina karanta littattafan ba, kuma ba na ɗora musu laifi duka. Ni ce na zauna a bayan mutum, ban ga hannunsa ba, na cike gurbin da abin da raina ke so. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda kunyar da muke taƙama da ita ta kusa cinye rayuwar bawan Allah. Ni na ɗauki shirunsa so ne, shi kuma kunya ta hana shi cewa a'a. Yanzu in ƙanwata ko 'yar maƙwabta ta ce mini wani yana sonta, tambayar Dada nake yi mata, amma nakan ƙara da cewa ta faɗa mini kalmar da ta fito daga bakinsa.

Sau ɗaya na taɓa samun ƙarfin ba abokin Hamma haƙuri, a sunan 'yar Hamma. Ya yi murmushi ya ce, "Ƙanwata, ya wuce tuntuni. Abin da ya ɗan ƙona mini rai kawai, duk shekarun nan 'yar kallo ɗaya tak nake da ita a Jimeta wadda ba ta ɗauke ido, ashe ita ma ba jifana take kallo ba."

Na ja gyale na rufe fuska, shuɗi ne kuwa, ban ma lura ba sai da na zo gida. Har yau muna gaisawa in mun haɗu, ya tambayi maigida da yara, in tambayi iyalinsa. Sai dai na lura da abu ɗaya, kuma wannan karon na tambayi Hamma ya tabbatar mini ba fassarata ba ce. In yana magana da ni, hannuwansa a baya suke, ba sa zuwa kusa da hula, kansa kuma a tsaye cak kamar mai ɗauke da tulun ruwa.